Renon Sabon Inji da Gashin Bakin Kawu Sitiyari

Ka taɓa ganin babban mutum, mai 'ya'ya har da jika, ya durƙusa a gaban talabijin yana yi wa motar da ke ciki fifita da kwali? Ni na gani da idona, a shagon yayana, kuma mutumin kawuna ne, ƙanin mahaifiyarmu ciki ɗaya.

Da na gama jami'a na dawo gida da takardar digiri a jaka, dabaru kuma fal a kai. Kafin aiki ya samu sai na kama taya Yaya tsaron shagonsa na wasannin bidiyo. Ɗan ƙaramin shago ne a bakin layinmu, Tela a hagu, Mai Aski a dama, da benci biyu da fanka guda mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ni na matsa wa Yaya har ya kawo kujerun tsere guda biyu, irin masu sitiyari a gaba da totur da birki a ƙasa, kana zaune kana tuƙi motarka tana gudu a talabijin. Ranar da aka sauke su, Tela ya bar wando a bakin keken ɗinki ya leƙo, Mai Aski ya bar wani da rabin kai.

Kawu Sitiyari kuwa sai da ya bari an taru sannan ya iso. Da wannan sunan duk layi ya san shi. In ka ji daga bakinsa, babu abu mai taya da bai tuƙa ba: tanka, tirela, motar kashe gobara, har jirgin ƙasa wata rana da direban ya kama gyangyaɗi. In ka ji daga bakin matarsa, wadda muke kira Inna, motar raba burodi ce guda ɗaya, ita ma sai an tura. Amma abin da Kawu ya fi taƙama da shi gashin bakinsa ne. Baƙi wuluk, ya kwanta hagu da dama kamar fikafikai, ƙarshensa a murɗe, yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihu. Kawu yakan ce tun ranar da ya karɓi lasisi aska ba ta taɓa wurin ba.

Wannan ne ya tsaya wa Mai Aski a rai. Tare suka tashi da Kawu, tare suka yi wasan ƙasa, kuma kullum sai ya ce, "Duk layin nan gashin bakin nan ne kaɗai yake wucewa ta ƙofar shagona bai gaishe ni ba." Mai Aski ko keke bai iya ba, amma tun da kujerun nan suka zo, da ya ga babu mai aski sai ya faɗo shagonmu da mataji soke a kai, ya yi zagaye biyu ya koma.

Wata rana yana cikin tuƙi Kawu ya tsaya a bayansa, hannuwa a baya, yana girgiza kai.

"Kai, kai, kai. Ɗan kumfa, wannan tuƙi kake yi ko dambe da sitiyari?"

"Direba, matsa mini, inuwar gashin bakinka ta rufe mini hanya."

"Ni da zan zauna a kujerar nan, kafin ka sa giya ta biyu na je na dawo na sha ruwa."

"To ga kujera, ai ba ta cizo."

"Ba na tsere da yara."

"Yaron da ya girme ka da wata biyu? Ka ce tsoro kake ji, mu wuce wurin."

Tela ya leƙo da allura a baki ya ce, "A yi ta mana a huta!" Kafin ka ce kwabo mutanen layi sun cika ƙofa. Nan aka ƙulla magana a gaban kowa: ƙarshen mako mai zuwa za a yi tsere, kowa da sabuwar mota daga cikin wasan. In Mai Aski ya faɗi, zai riƙa zuwa kullum da safe ya taje wa Kawu gashin baki a durƙushe. In Kawu ya faɗi, gashin bakin ya zama na Mai Aski, shi kaɗai zai taɓa shi, kuma a bakin titi za a aske.

Kawu ya murɗa gashin ya ce, "Ka fara sayen tabarmar durƙuso."

Mai Aski ya zaɓi wata 'yar shuɗiyar mota mai kama da sabulu, ya take ta ya tafi. Kawu ya daɗe yana zaɓe, yana cewa in juya masa su ya ga tayoyi, daga ƙarshe ya nuna wata doguwar ja mai sheƙi. Na ce, "To Kawu, bismillah, taka totur mu gani."

Ya dube ni kamar na zagi kakanmu.

"In taka me? Sabon injin? Kai Mai Digiri, me suka koya muku a can? Sabon inji jariri ne. Ka taɓa ganin an haifi yaro yau an ba shi ƙashi ya gwigwiya? Sai an rene shi. A lallaɓa, a lallaɓa, har ƙarfe ya san ƙarfe, inji ya saki jiki. Wancan ɗan kumfar ya riga ya kashe tasa tun ba ta yi haƙori ba."

Abin da zai ba ka mamaki, maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. Na karanta yadda aka tsara wasan, don ba na barin abu ya shigo shago ban bi ta cikinsa ba. Na ce, "Kawu, ka san masu wasan nan sun sa wannan a ciki? Sabuwar mota in ta ɗan yi tafiya, injinta yana ƙara ƙarfi. Amma ɗan kaɗan ne fa. Kuma in tafiyar ta yi yawa, mai ya yi datti, injin ya gaji, ƙarfin ya..."

Ban ƙarasa ba, Kawu ya riga ya fita titi.

"Jama'a kun ji! Jami'a da kanta ta tabbatar! Abin da na sani tun ina tura taya da sanda, shi ne yaro ya je ya karanto da ƙyar!"

Washegari da safe aka fara reno. Kawu ya zauna ya gyara madubin da babu shi, ya laluba gefen sitiyari yana neman sigina, da bai samu ba ya ce masu ƙera abin ba su da tarbiyya. Ya ɗora babban yatsan ƙafa a kan totur kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Jar mota ta fara rarrafe. Sauran motocin da na'ura ke tuƙawa suka riƙa wuce shi fuu, fuu, shi kuma yana miƙa hannu gefe yana yi musu alamar su wuce. A miƙawa ta uku ya mari Tela a hanci.

"Wayyo! Sitiyari, ni ma mota ce?"

"Wa ya ce ka tsaya a kan hanya?"

Duk kwanar da ya zo sai ya tsaya cak, ya duba hagu, ya duba dama. Mai Aski yana jingine a ƙofa yana wasa almakashi a iska. Kawu ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Yi dariyarka. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji Mai Aski. "Ka ƙarasa karin maganar mana, ko ita ma reno kake yi mata?"

Can Kawu ya yi fakin a gefen hanya ya ce inji ya ɗau zafi. Ya yago kwali ya durƙusa ya shiga yi wa talabijin fifita. Na ce masa ai motar ba a cikin talabijin take ba, lissafinta duk a cikin wancan akwatin na'urar yake. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ya zabura.

"Ka ji ko? Zazzaɓi! Na faɗa!"

Ya fita da sauri, sai ga shi da tawul jiƙe sharkaf yana ɗiga. Yaya ya yi tsalle ɗaya ya tare na'urar da ƙirjinsa, tawul ɗin ya sauka a fuskarsa.

"Kawu, don girman Allah! Jarina ke nan gaba ɗaya!"

"Ku yaran yanzu ba ku da tausayin ƙarfe."

Reno ya ci gaba haka, bayan Kawu ya ƙage, ƙafarsa ta yi tsami, tafiyar da motar ta yi kuwa ko awaki sun fi ta. Masu son wasa sun yi layi a benci suna tsaki, Yaya yana harara ta kamar ni na haifi Kawu. Sai wata dabara ta faɗo mini. A cikin wasan akwai wani fili mai siffar ƙwai, zagaye kawai, da katanga a gefe. Na ce in aka ɗaure totur da roba, aka ɗan ja sitiyari gefe aka ɗaure shi ma, mota za ta jingina da katanga ta yi ta zagayawa da kanta, ba sai an zauna ba. Na ce yamma ɗaya ta isa, a kwance roba, a je garejin cikin wasan a canja mai, shi ke nan.

Kawu ya murɗa gashin baki, ya ce, "Haka muke yi a zamaninmu. Ina gwada ka ne in ga ko za ka gano."

Ni robar ɗaure takarda nake nufi. Kawu ya je ya yanko robar tayar keke, ya dafe kujera da ƙafa ya ja sitiyarin dama har sai da ya yi ƙara, ya ƙulle shi da ƙafar benci. Totur ma ya naɗe shi kamar karaya. Jar mota ta je ta manna kafaɗa da katanga, ta kama zagaye tana fitar da tartsatsi, kujera kuwa babu kowa.

Labari ya bazu cewa a shagon Yaya akwai mota mai tuƙa kanta. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Kawu ya ɗauko kujerar roba da sanda ya zauna gadi, yana ba da bayani ga duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Tela ya ce, "Sitiyari, gaskiya motar nan ta fi iya tuƙi in ba ka ciki."

"Tarbiyya ce. Ɗa nagari ko ubansa ba ya nan ya san abin yi."

Yamma ta wuce, gari ya waye, wata yammar ta zo. Na ce, "Kawu, ya isa haka, a kwance."

"Nono ba ya yi wa jariri yawa."

"Wannan jaririn ya kusa furfura, Kawu."

Ya nuna ni da sanda, na koma wurin zamana.

Ana haka da rana tsaka aka ɗauke wuta. Talabijin ya yi baƙi, fanka ta yi shiru, Kawu ya saki salati kamar an yi mutuwa. Ɗan janaretan Yaya ya ƙi tashi. Kawu ya kwasa a guje zuwa gida, sai ga shi yana turo wani a baro, gumi yana bin gashin bakinsa. Aka tayar, aka sake ɗora motar a kan hanya, ta koma katangarta. Abin da bai faɗa mana ba, janaretan firjin Inna ne, wanda take yin ƙanƙarar sayarwa da shi.

Ba a jima ba muka hango Inna tafe da babban baho a ka, ruwa yana zuba ta gefe. Ta sauke shi a gaban Kawu. Ledoji ne suke iyo a ciki.

"Malam, ga ƙanƙarata. Na kawo maka ka rene ta ita ma."

"Haba, ke kuwa, a gaban mutane? Abu ne na 'yan kwanaki. In na ci tseren nan..."

"In ka ci me za a ba ka? Mota?"

"Girma."

"Girma. To shi za mu dafa." Ta juya ga talabijin ta ƙura ido. "Wannan ce? Wannan mai goga jiki da bango kamar akuya mai ƙaiƙayi?"

Layi ya kwashe da dariya. Inna ta leƙa shagon Mai Aski ta ce, "Maƙwabci, in askarka ba ta da kaifi ka faɗa mini, ina da dutsen wasa wuƙa."

"Kada ki damu, Inna, sabuwa dal zan sayo. Babban baƙo ai sai sabon kwano."

Ana gobe tsere wata 'yar jar fitila mai siffar butar mai ta kama walƙiya a gefen talabijin. Na ce, "Kawu, ka gani, mai ya mutu. Mu shiga gareji, maɓalli ɗaya zan danna a canja."

"Wane garejin?"

"Na cikin wasan."

"Wa ke aiki a can?"

"Babu kowa, Kawu, na'ura ce."

"Bakaniken da ban ga ƙwayar idonsa ba, shi zan ba motata? Man da ban shinshina ba, ban murza a yatsa ba? Haka suke yi, su zuba maka tsohon mai su ce sabo ne. Ni ba a yi mini wannan."

Ya tafi ya dawo da baƙin mai na gaske a gorar ruwa, da mazurari. Yaya ya je ya zauna a kan akwatin na'urar ya naɗe hannu. Kawu ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama, ya ga babu hanya. Sai ya ji totur yana ɗan ƙiiƙii a ƙarƙashin roba. Ya ce, "Ashe nan ne ƙishirwar take." Kafin mu kai gare shi ya tuttula rabin gora a kan totur, ya shafe da tafin hannu yana sa masa albarka.

Ranar tsere layinmu ya cika har mashin ba ya wucewa. Muka jawo talabijin biyun bakin ƙofa don kowa ya gani. Mai Aski ya iso da tawul a kafaɗa, da ɗan kwano da buroshi, da sabuwar aska a cikin takardarta, ya jera su a kan benci a inda Kawu zai gani. Kawu ya iso da baƙin tabarau da safar hannu, gashin baki ya sha mai yana ɗaukar ido. Ya ce a fili mai siffar ƙwai za a yi, don hanyar da motarsa ta sani ke nan. Mai Aski ya ce ko a kan rufin gida ne ya yarda. Zagaye uku.

Kawu ya kwance robar totur. Ya kwance ta sitiyari. Sitiyarin bai dawo tsakiya ba. Ya tsaya a karkace dama kamar wuyan wanda ya yi mugun kwanciya. Kawu ya miƙar da shi, ya saki, ya koma. Na duba bayanan motar a talabijin, na sunkuya na raɗa masa cewa ƙarfin injin yanzu bai kai na ranar da aka ɗauko ta ba.

Ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ɓoye ƙarfinta take yi, kada baki ya kama ta. Motar da aka rena da kyau ba ta fallasa kanta."

Tela ne alƙali. Ya ɗaga tsumman yadi ya sauke.

'Yar shuɗiyar Mai Aski ta fita kamar an harba ta. Jar Kawu ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi, ta ɗan matsa, sannan ta bar tsakiyar hanya ta nufi katanga kai tsaye ta manna kafaɗa.

"Ta koma wurin uwarta!" wani ya yi ihu daga baya.

"Dabara ce!" in ji Kawu, yana kokawa da sitiyari da hannu biyu. "Inuwa take bi!"

Ya ja hagu da ƙarfi, mota ta baro katanga ta yi tangaɗi, ya ɗan sassauta, ta koma ta rungume ta. Tabarau ya zame masa zuwa hanci. Mai Aski ya zo ya wuce shi yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana gyara matajin kansa.

"Direba, in turo maka yara su tura?"

"Ka bari ta yi ɗumi! Ka bari ta yi ɗumi ka gani!"

Inna tana tsaye a gaba da hannu a ƙugu ta ce, "Da ɗumi ake ci, da ƙanƙarata ce ta zo ta ɗaya."

A zagaye na ƙarshe Mai Aski ya iso dab da layin gamawa, sai ya taka birki ya tsaya. Ya sauka daga kujera, ya miƙe ya yi hamma, ya je benci ya zuba ruwa a kwano ya fara kaɗa kumfa yana fito. Mutane suna ta dariya har da masu riƙe ciki. Ya kaɗa, ya ɗaga buroshi ya duba, ya ce bai yi kauri ba, ya ƙara sabulu.

Amma jar mota ba ta tsaya ba. Tana goga, tana hayaƙi, tana tafe. Ta cinye zagaye na biyu. Ta shiga na uku. Kawu ya daina magana, ya sakar mata sitiyari ta bi katangarta yadda ta saba, sai ga shi tana tafiya fiye da lokacin da yake gardama da ita. Dariya ta fara raguwa. Ta sha kwanar ƙarshe.

"Mai Aski! Ga shi nan fa!"

Mai Aski ya waiwaya, ya saki kwano, ya faɗa kujera da hannuwa duk kumfa. Sitiyarin ya sulluɓe masa, ya laluba giya ya sa ribas, 'yar shuɗiya ta yi baya ta juya ta ba layin gamawa ƙeya. Layinmu ya kaure da ihu. Yara suna tsalle a kan benci, Tela yana kaɗa tsumma yana cewa a bi doka, ba wanda ya san wace doka.

Kawu ya ga layi a gabansa, ya ga Mai Aski yana fama. Ya cire tabarau ya jefar.

"Yau za ku ga reno! Tashi, 'yar albarka!"

Ya ɗaga ƙafa sama ya sauke ta a kan totur da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Totur ɗin da ya sha rabin gorar baƙin mai. Ƙafar ta zame, silifas ya tashi sama ya daki fanka, fanka ta maido shi kan Tela, diddigen Kawu ya sauka a kan birki, kujera ta yi baya da shi. Abin da muka gani kawai ƙafafu biyu ne a sama, ɗaya da takalmi ɗaya babu. Jar mota ta tsaya cik, hancinta yana shinshinar layi, ta saki hayaƙi na ƙarshe.

Mai Aski bai tsaya juyawa ba. Ya goge hannu a wando, ya taka, 'yar shuɗiya ta tsallake layi da baya.

Da aka ɗaga Kawu ya fara jero dalilai. Ya ce ƙamshin sabulu ne ya shiga injin. Ya ce talabijin ɗinsa ya fi na Mai Aski nauyi. Ya ce a doka ta ƙasa da ƙasa ba a cin tsere da ribas. Tela, yana shafa inda silifas ya same shi, ya ce shi bai taɓa jin wannan dokar ba. Inna da kanta ta ɗauko kujerar robar da Kawu ya yi gadi a kai, ta ajiye a bakin titi ta kaɗe ta da gefen mayafi.

"Bismillah, Malam. Girman ya iso."

Kawu ya zauna. Mutum ne mai cika alkawari, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya fito da ɗan matajin ya taje gashin sau ɗaya, ya rufe ido. Mai Aski ya ɗaura masa tawul, ya shafa sabon kumfa, ya ɓare askar daga takarda ya ɗaga ta kowa ya gani. Ya ɗora ta a kan gashin. Ƙat, ƙat, ƙat, fiffiken dama ya sauko kan tawul.

Sai Mai Aski ya tsaya. Ya kai askar kusa da kunne ya saurara. Ya taɓa ta da bayan yatsa ya janye da sauri. Ya hura mata iska, ya yago kwali ya fara yi mata fifita.

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Mene ne? Ƙarasa mana."

"In ƙarasa? Da sabuwar aska? Haba Direba, kai da ka san ƙarfe. Jaririya ce fa. Ka ji yadda ta ɗau zafi? Sai an lallaɓa, har ƙarfe ya san gashi."

"Ɗan kumfa, kada ka yi mini haka. Tare muka tashi."

"Shi ya sa ba zan yi maka aikin gaggawa ba. Sauran rabin sai ta gama reno."

Ya naɗe askar a jiƙaƙƙen tawul, ya rungume ta a ƙirji, ya shige shago yana yi mata waƙar lallashi. Tela ya zauna a ƙasa don dariya. Yaya, wanda bai yi murmushi ba tun da aka fara renon nan, sai da ya dafa ƙofa.

Har yau da nake rubuta wannan, askar ba ta gama reno ba. Kullum da safe Kawu yakan leƙa ya tambaya, Mai Aski ya taɓa ta ya ce da saura. Kawu ba zai aske da kansa ba, don gashin ba nasa ba ne yanzu, a gaban jama'a ya bayar. In gefen dama ya fara tsirowa, Mai Aski yakan share shi da tsohon almakashi, wai kada aiki ya lalace. Kawu kuwa ya fara gaya wa baƙi cewa haka manyan direbobin tsere suke yi, gefe ɗaya ake bari don iska ta taimaka wurin shan kwana. Inna ta ce ba za ta sake fita unguwa tare da shi ba sai fuskarsa ta daidaita, kuma bikin 'yarsu yana matsowa, masu hoto sun riga sun fara tambaya ta wane gefe za su tsaya.

Don haka, mai karatu, taimako nake nema. In kana da tsohuwar aska a gida, wadda ta ga duniya ta gama reno, don Allah ka naɗo ta ka kawo layinmu. Shagon yana dama da namu, za ka ga mai shi da mataji soke a kai. Ka damƙa masa a gaban shaidu, ka tsaya a wurin har sai ya ƙarasa aikin.